Ranar da Na Riga Dattawa Magana

Ku ɗauke kujerar nan, ba zan zauna ba. Shekara talatin da wani abu ina tsaye a kasuwar tattasai ta Diffa, ƙafafuna ba su iya zama ba. In na zauna sai in ji kamar ana loda kamiyo, babbar motar kaya, a wani wuri ban sani ba. Masu shirya wannan formasiyo, wato horon nan naku, sun ce in zo in gaya muku yadda mutum ke zama shugaba a harkar kasuwanci. Na ga an ba kowannenku littafi da alƙalami da gorar ruwa, na ga allon da aka zana muku akwatuna, shef a sama, mutanensa a ƙasa. Madalla. Ɗazu kuma a bakin ƙofa na ji wani, kai mai farar rigar can, kar ka sunkuyar da kai, na ji ka, kana cewa tattasai ai saye ne da sayarwa, salula ɗaya ta ishe ka. To, sunana Isufu, mutumin Mirya ne ni, kuma na taɓa zubar da amfanin gonar gida goma sha ɗaya a ruwa, da bakina kawai. Wannan labarin na kawo muku, amma sai kun fara sanin aikin.

Aikina na farko danna buhu ne. Ina ɗan shekara goma sha bakwai na sauka daga motar Damagaram da leda ɗaya a hannu, wani ɗan garinmu ya kai ni wurin Alhaji Kyari, Babarbare, wanda a lokacin shi ne babba cikin masu sayen tattasai. Ko sunana bai tambaya ba. Ya nuna mini buhun algarara ya ce in shiga. Haka ake yi: mutum biyu su riƙe bakin buhu, a zuba busasshen tattasai, kai kuma kana ciki kana dannawa da ƙafa. Kafin a zuba sai an yayyafa masa ruwa da tsintsiya don ya yi laushi, in ba haka ba ya farfashe ya zama gari, mai saye kuwa ba gari ya zo nema ba. In ruwan ya yi yawa, kafin mota ta kai Kano ya yi baƙi ya fara wari. Babu ma'auni tsakanin kaɗan da yawa, hannu ne kawai. Ranar nan na yi atishawa har hancina ya yi jini. Da la'asar na manta na sosa ido. Kai! Na yi ta tsalle a tsakiyar kasuwa, 'yan dako na ta sheƙa dariya, wata mai fura ta wanke mini ido da nono.

Shekara huɗu ina cikin buhu kafin a ba ni basilla in ɗinke baki. Kayan aikinmu ke nan, ba su da yawa: buhu, basilla, igiya, tsintsiya, da ƙyallen da za ka ɗaure hanci. Sauran yana jikinka. Za ka ɗauki tattasai guda ka girgiza shi kusa da kunne. In 'ya'yan cikinsa sun yi ƙara, ya bushe. In sun yi shiru, da saura, ko da bayansa ya yi ja kamar me. Za ka zura hannu har gwiwar hannu cikin buhu, don na sama kullum mai kyau ne, manomi ba wawa ba ne. Tsinkar farko daban, mai nama ce, jarta na ƙyalli. Tsinkar ƙarshe ƙanana ce, ta koɗe, ga fari-fari a jiki. Wanda ya cakuɗa su ya sayar wa mutumin Maiduguri zai ci riba sau ɗaya, ba zai ƙara ganin mutumin ba.

Masu saye kuwa kowa da halinsa. Na Kano zai zo ya raina kayanka tun daga nesa, ya ce bana tattasan Diffa ya lalace, alhali motarsa na bayan kasuwa tana jira. Hajiyoyin Damagaram masu niƙa ba sa ciniki da baki, sai su ɓara guda su shinshina su ajiye su wuce. In sun dawo, ka sayar. Akwai wani Inyamuri da yake zuwa duk shekara, ba ya jin Hausa sai ta ƙirga, amma ya fi ni sanin tattasai. Duk wannan za ku koya in kun jure. Abin da ban koya ba a shekara ashirin da na yi ƙarƙashin Alhaji Kyari, shi ne abin da yake yi a gaban idona kowace Litinin.

Talata ce kasuwar Diffa, kun sani. To, duk Litinin bayan la'asar Alhaji zai shimfiɗa tabarma a bakin magaza, wato ɗakin ajiyar kayansa, ya tara mu, mu goma sha wani abu, daga masu zuwa ƙauye saye har masu danna buhu. Sai ya jingina da bango ya lumshe ido kamar mai gyangyaɗi. Ya fara da mafi ƙanƙanta a cikinmu: kai, me ka gani? Wannan ya faɗi nasa. Ya wuce na gaba. Haka har a zo kan dattawa. Shi bai ce komai ba, sai carbi. Sai kowa ya gama, wani lokaci rana ta kusa faɗuwa, sannan ya buɗe ido ya ce gobe ga abin da za mu yi, a magana biyu. Wallahi abin nan yana ƙona mini rai. Ina zaune ƙafata na rawa, ina cewa a zuciyata: tsohon nan ai ya san abin da zai yi tun safe, me ya sa yake ɓata mana lokaci da jin ra'ayin mai danna buhu? Na ɗauka tsufa ne da nawa. Na yi wa kaina alkawari, ranar da na zama babba, minti biyar an tashi.

Ranar kuwa ta zo a shekara mafi muni. Ku ƙanana ne lokacin, amma kun ji a gida. Rashin tsaro ya hana hawa moto, wato babur, taki da isansi, wato fetur, sai da takarda, gonaki da yawa na bakin kogi an bar su, mutanen Tumur da na gabas sun cika gari da kayansu a ka. Tattasai ya yi ƙaranci. Wanda ya samu ya noma, motopom ɗinsa, injin ban ruwa ke nan, rabin lokaci a kashe take don babu mai. A cikin wannan hali ciwon suga ya kwantar da Alhaji, aka kai shi asibiti a Damagaram. Kafin a sa shi a mota ya kira ni ya ce, “Isufu, akwai wani ƙauye kudu da Shetimari, gida goma sha ɗaya sun noma, sun ce ni za su ba. Ka je a madadina. Bakinka bakina ne.” Na ji daɗi, ba zan ɓoye muku ba. Na sa sabuwar hula.

Na isa ranar Asabar da hantsi, da buhuna a amalanken haya. Tattasan yana shanye a wani faƙo mai faɗi a bakin Komadugu, fili ne mai tauri, babu yashi, kowane gida da nasa yanki an kewaye da ƙaya saboda awaki. Tsakanin faƙon da ruwa akwai madatsa ta ƙasa da buhunan yashi da mutanen gari suka ɗaga. Tsinkar farko ce zalla. A shekarar da kasuwa babu kaya, ganinsa kawai ya sa hannuna ƙaiƙayi. Na zaga ina ɗauka ina girgizawa a kunne. Shiru. Yana bukatar rana biyu.

A nan na fara ganin Ya Fanna. Dattijuwa ce, 'yar gudun hijira daga tsallaken kogi, mijinta da ɗanta babba sun rasu a rikicin. Tana da jikoki uku a sansanin Sayam, ta bar su wurin wata maƙwabciya ta sauko kwari, wani ya ara mata gona, wani ya ara mata ruwan motopom, ta yi wata biyar tana noma ita kaɗai. Yankinta shi ne mafi ƙanƙanta a faƙon, kuma shi ne mafi tsabta, ko tsinke babu. Ta gaya mini da Hausarta ta Barebari cewa ta riga ta ga ɗaki a Shetimari kusa da lakwal, makarantar boko. In ta sayar da tattasan nan za ta je ta ɗauko yaran su bar zaman tanti. Na ce mata, “Iya, ki ɗauka kin sayar.”

Bayan azahar Bulama, wato mai garin, ya tara masu gonakin a ƙarƙashin wata tsamiya. Aka gaisa, aka kawo ruwa, aka yi shiru ana kallona. Wannan shirun shi ne wurin da Alhaji zai jingina ya ce kai, me ka gani. Ni kuwa na miƙe tsaye, kamar yadda nake tsaye yanzu. Na ce tattasai bai gama bushewa ba, kar kowa ya taɓa shi, a bar shi a faƙo har Litinin. Na ce kamiyo zai zo Litinin da safe, a nan za mu danna mu ɗinke mu loda, Talata yana kasuwa. Na ce kwashe shi zuwa tudu wahala ce biyu, zai farfashe a amalanke, ga yashi, ga awaki. Na ƙara da cewa na duba madatsa da idona, lafiyarta lau, ruwan sama kuma ya ɗauke tun wata biyu. Sannan na ce, akwai mai magana? Babu wanda ya ce uffan. Bulama ya dubi ƙasa ya ce, “To, mun ji.” Aka shafa fatiha. Na duba salula, ko minti biyar ba a yi ba.

Ku lura, duk abin da na faɗa gaskiya ne. Tattasan bai bushe ba, amalanke na farfasa shi, ruwan sama ya ɗauke. Kuma na san Komadugu ba da ruwan samanmu yake cika ba, daga yamma yake zuwa a makare, sama tas babu gajimare ka ga kogi na hawa. Na sani. Abin da ban sani ba shi ne inda ruwan ya kai a wannan satin, kuma a ƙarƙashin tsamiyar nan akwai masu sani. Amma a kwarin nan, baƙon da ya zo da bakin babban mutum, in ya yanke magana a gaban Bulama, ba a ce masa a'a a bainar jama'a. Ka kunyata shi, ka kunyata wanda ya aiko shi, ka kunyata Bulaman da ya sauke shi. Hanyarsu daban ce, sai su zagayo su nuna maka.

Sun kuwa zagayo. Akwai wani tsoho, Ba Modu, shi ne mai yanki mafi girma a faƙon, a bakin kogin aka haife shi. Da aka watse ya biyo ni yana jan sandarsa ya ce, “Malam Isufu, amalankena ba shi da aiki gobe. Shanun ma sun huta.” Na ce na gode, Baba, ai kamiyo na zuwa. Ya juya ya tafi.

Lahadi da safe ya dawo. Ya ce in zo in ga motopom ɗinsa, wai tana wani ƙara. Ni ba makanike ba ne, amma na bi shi. Bai kai ni wurin motopom kai tsaye ba, ya bi da ni ta gindin madatsa, ya tsaya a wani wuri ya kafa sandarsa a ƙasa ya zare, ya sake kafawa ya zare. Ramin sandar na cika da ruwa. Na gani da idona, wallahi na gani. Amma salula na kunnena, ina faɗa da shofer, direban kamiyon, a kan kuɗin isansi, na ɗaga wa tsohon hannu alamar ina zuwa. Da na gama ya ce motopom ɗin ta daina ƙarar, mu koma.

Da yamma Ya Fanna ta zo inda na sauka, ta durƙusa nesa kaɗan ta ce ko zan ba ta buhunanta tun yau ta ajiye a kusa. Na yi dariya na ce, “Iya, kina tsoron a rasa buhu ne? Gobe naki za a fara dannawa.” Ta ce to, Allah ya kai mu.

Litinin da hantsi kamiyo bai iso ba, yana bariye ana duba takardu. Ina tsaye a faƙo ina girgiza tattasai a kunne, ga ƙarar 'ya'ya ras-ras, ya bushe yadda nake so, sai na ji wata mata ta ƙwala ihu daga wajen madatsa. Kar ku zaci ruwa ya zo kamar bango. Shimfiɗowa ya yi, kamar an tuntsurar da tulu a tsakar gida, sai dai bai tsaya ba. Wurin da Ba Modu ya kafa sanda shi ya buɗe. Kafin in kai ga buhuna ruwa ya rufe idon sawu. Busasshen tattasai kuwa ba ya nutsewa, tashi yake yi ya bi ruwa. Gari duka ya fito, maza da kwanduna, mata suna kwance mayafi suna tarewa biyu-biyu kamar masu kamun kifi, ni ina gudu da buhu ina ba da umarnin da ba mai ji. Ruwa ya kai gwiwa, ya kai cinya. Faƙon nan duka ya zama ja yana tafiya gabas. Yankin Ya Fanna shi ne na bakin ɓarakar, shi ya fara tafiya. Na gan ta tsaye a ruwa har ƙugu da ƙwarya a hannu, ba ta ihu, tana kamfata tana zubawa a zane.

Abin da muka tsamo bai kai kashi ɗaya cikin uku ba, shi ma ya sha ruwan laka, wanda duk mai sana'ar nan ya san baƙi zai yi. Da azahar muna zaune a tudu, jiki na zafi kamar an shafa mana wuta, na sami Ba Modu yana matse rigarsa. Raina a ɓace yake, kuma kun san mai laifi shi ya fi kowa ɗaga murya. Na ce, “Baba, ka san ruwa na zuwa?”

Ya ce, “Ƙanena na Maine ya kira ni tun Alhamis. Ya ce ruwan ya wuce su da ƙarfi, ya yo nan.”

Na ce, “To don Allah me ya hana ka faɗa a gaban Bulama?”

Ya dube ni ya ce, “Ka riga ka faɗa.”

Na ce to shi ke nan, ni ka ji kunyata. Amma naka fa? Kana da amalanke, kana da shanu, kana da 'ya'ya, kwana biyu cur. Me ya sa ba ka kwashe naka ba?

Ya ce, “In na kwashe nawa, gari duka zai san na ƙaryata bakin Alhaji.” Ya ci gaba da matse rigarsa.

Na tambaye shi mutum nawa suka sani. Ya ce duka.

Na kira Alhaji a asibiti. Na soma yi masa bayanin madatsa da bariye da shofer. Ya bar ni na gama, kamar yadda ya saba. Bai tambayi buhu nawa aka rasa ba. Ya ce, “A wurin taron, wa ya fara magana?” Na ce ni. Ya ce, “Wa ya yi ta biyu?” Na ce babu. Sannan ya ce in gaida Bulama in ba shi haƙuri.

To, kai mai farar riga, da ku duka. Ranar da aka ce kai ne shef, daga ranar kunnenka ya toshe, ba don ka canza ba, don mutane sun daina gaya maka. Mai gadin magazarka ya san wanda ke buɗe buhu. Shoferka ya san taya ba za ta kai Gure ba. Matar da ke tsince maka tattasai ta san wane manomi ya jiƙa kayansa. Ba wanda zai faɗa bayan ka buɗe baki, don su ma suna da kunya, kuma suna son aikinsu. Ka fara da ƙaramin, don in babba ya riga shi, shi ma ya yi shiru. In wani ya kawo maka tayin da ba ka nema ba, amalanke ko rakiya ko wata tambaya da ba ta da kai, ka ajiye salula ka ce, Baba, me ka gani? Ni yanzu kowace Litinin ina shimfiɗa tabarma. Har yau ƙafata na rawa, har yau ji nake kamar in fashe kafin su gama, ina cizon leɓe ina jan carbi. Ban iya don ina so ba.

Kamiyon ya iso bayan la'asar, fanko, shofer na ta ba da haƙuri. Babu abin lodawa. Muna shirin juyawa sai ga Ya Fanna da tabarma a naɗe da tukunya ɗaya da ƙullin kaya. Ta ce ko za mu rage mata hanya zuwa Shetimari, daga can za ta nemi motar Sayam. Mai gonar ya ce zai karɓi abarsa, ba ta da abin sake shuka. Na ce ta shiga gaba ta zauna, ta ce a'a, baya ya ishe ta. Ta hau bayan motar da aka ɗauko don tattasanta, ta zauna a kan buhunan da na hana ta.

A mararrabar Shetimari na sauko na taimaka mata da kayan. Na tura hannu aljihu na ba ta abin da ke ciki, ko haƙuri ban iya ba ta ba. Na so ta zage ni, wallahi da na ji sauƙi. Sai ta karɓa da hannu biyu ta ce, “Na gode, Malam Isufu. Ka yi ƙoƙari.”

Da shekara ta zagayo na koma ƙauyen da kuɗin iri da na taki, na ce a nemo mini ita. Ba ta sake saukowa kwari ba. Jikokin nan uku a Sayam suka girma.